Kabar Kawu a Bakin Uwar Tafki

Zaman makokin Kawu ya ba ni wahala. Wanka da haƙan kabari da ɗaukar makara ban ji su ba, aikin jiki ne, na saba. Zaman tabarma ne ya gajiyar da ni, ina amsa gaisuwar mutanen da na san abin da suke faɗi a kansa tun yana numfashi. Na yi ta cewa "amin, mun gode" har muƙamuƙina ya yi tsami.

Sun zo kuwa. Daga cikin Argungu, daga Zauro, har da mota guda daga Birnin Kebbi wadda babban ɗan Kawu ya cika da abokan kasuwarsa na unguwar Nasarawa, mutanen da ba su taɓa ganin mamacin ba, sai dai sun ci kifinsa. Wani dattijo ya riƙe hannuna yana girgizawa, ya ce, "Wallahi ba mu ƙara samun irinai. Uban ruwa ya tahi." Wannan bakin da ya ce uban ruwa shi ne ya fara laƙaba wa Kawu Sarkin Balbela a kasuwar kifi, ina tsaye. Wani kuma ya rufe fuska da hula yana shessheƙa. Da aka kawo tuwo ya cire hular, ya leƙa kwano, ya ce da na kusa da shi, "Gidan masunci, miya ba kihi?" Ya zaci ban ji ba.

Inna, matar Kawu, ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Tana zaune a ƙofar ɗakinta da carbi. In an ce mata ya hanƙuri, ta ce da godiya, ta ci gaba da ja. Ita kaɗai na ga tana makoki a gidan.

Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, hannuna ya fi sanin filafilin tuƙa jirgi. Amma in na bar wa waɗancan labarin Kawu, kafin baɗi za su mai da shi ko waliyyi ko mahaukaci, shi kuwa bai zama ko ɗaya ba.

Kawu wan mahaifiyata ne. Ubana ya rasu ina ƙarami, shi ya ɗauke ni, a jirginsa na yi wayo, a jirginsa na yi furfura. Ƙauyenmu yana ƙasa da Argungu, a hanyar ruwa ta zuwa Birnin Kebbi. Kawu ba shi da rawani, ba shi da maroƙa. Abin da ya gada wurin ubansa shi ne ɗaure ruwa da kwance shi. In damina ta yi, gulbi ya kan cika ya malala cikin fadama, kifi ya shiga ciyawar burgu ya yi ƙwai. In ruwa ya janye sai ya bar tafkuna. Wanda Kawu ya kafa wa doguwar sanda ya ɗaura mata kaba, an ɗaure shi ke nan, ba mai jefa ragar kamun kifi, homa ko taru, sai ya kwance. Iyakar sarautarsa ke nan: sanda da kaba.

A cikin tafkunan akwai mai zurfi da ba ta ƙafewa, muna ce mata Uwar Tafki. In rani ya shanye sauran, kifin da ya rage a cikinta shi ne iri. Shi zai fita da sabon ruwa ya cika fadama. A bakinta akwai tsohuwar giyayya. Duk shekara in ruwa ya janye, laka ta kan bar zobe a jikin itacen daidai inda ambaliya ta tsaya. Kawu zai je ya jingina bayansa da giyayyar, ya shafa zoben da hannu, ya faɗi sunan shekarar. Ruwan wuya. Ruwan ƙirji. Ruwan ƙugu. Ruwan gwiwa. Daga nan yake sanin tafki nawa zai kwance, da faɗin idon koma, wato ragar da zai yarda a jefa.

Ubansa bai sha wannan wahalar ba. A zamaninsa in ba wuya ba ƙirji, saboda haka da an gama yankan shinkafa sai ya kwance komai, a yi ta kamun kifi har a gaji. Mutane suka ɗauka wannan ita ce doka, kamar da ita aka halicci gulbin. Sai aka datse ruwa can sama, shekarun fari kuma suka biyo baya. Zoben laka ya fara sauka a jikin giyayya. Kawu ya bi shi yana sauka. Mutane ba su bi ba.

Kalmarsa ɗaya ce, kowa ya san ta. In ka ce masa bara mun kama kaza, sai ya ce, "Bana hwa?" In ka ce zamanin babanka, ya ce, "Bana hwa?" Har yara suna kwaikwayonsa a bayan gida. Ba ya tsayawa dogon bayani. Ya kan ce ruwan da bai kai burgu ba bai haifi komai ba, wanda kuma bai haihu ba, ba a tatsarsa.

Yana da wata ɗabi'a da ke ba mutane haushi. Ba ya wuce koma a shanye bai zura yatsunsa a idonta ba, ko a gidan surukai ne. In yatsu uku suka shiga, ya wuce bai ce komai ba. In biyu ne, ya tsaya ya dubi mai ita. In ɗaya ne, to ranar ba a gaisawa, don ƙaramin ido har 'yan ƙananan kifi yake kwashewa. Kuma kifin farko da ya faɗo jirgi, shi zai tsaga da kansa ya duba ciki. Na taɓa ganinsa ya tsaga tarwaɗa ya same ta cike da ƙwai, ya ajiye ta, ya ce mu naɗe, mu koma gida. Rana ko ɗagawa ba ta yi ba. Na yi ta ƙunƙuni har bakin gari.

Wata rana a inuwar masallaci wani ya ce masa, "Kihi na Allah na, ba shi ƙarewa."

Kawu ya ce, "Shanun Hilani ma na Allah na. Ka taɓa ganin sun yanka mai ciki?"

Aka yi dariya, aka ce tsohon nan akwai baki. Washegari waɗanda suka yi dariyar suka je suka jefa taru a bayan sandarsa.

Rigimar da ta fi ci masa rai da ƙanensa ce, wanda muke ce wa Kawu Ƙarami. Shekarar da ruwa ya fara tsayawa a ƙugu, Kawu ya ce rabin tafkuna kawai zai kwance. Kawu Ƙarami ya same shi a zaure yana gyaran homa, ko zama bai yi ba.

"Yaya, Baba bai taɓa yin haka ba."

"Baba ruwan wuya yag gani."

"To kai ka fi Baba sanin ruwa?"

"Ban fi shi ba. Ruwanai daban, nawa daban. Da shina raye shi ga wanga zobe, da abin da za shi yi ke nan."

"Ƙarya kaka yi ma matacce! Dokar gidanmu guda ta, an yanke shinkahwa a kwance ruwa. Ɗiyana mi za su ci? Kaba?"

Kawu ya ajiye allura ya ce, "Su ci rabi bana, su samu rabi baɗi. Ko su cinye bana, baɗi ka zo ka tambaye ni mi za su ci."

Kawu Ƙarami ya fita. Daga ranar ya daina shigowa gidan sai da Salla, shi ma a tsaye. A makoki kuwa shi ne a kan tabarmar gaba, yana karɓar gaisuwa da murya mai rawa, yana cewa shi da Yaya ba a taɓa jin kansu ba.

Ba zan ɓoye kuskuren Kawu ba, don shi bai ɓoye ba. A shekarar fari mafi tsanani tsoro ya kama shi, ya ɗaure komai, manya da ƙanana. Ya ce ba za a taɓa ba sai ruwa ya dawo. Ruwa bai dawo da wuri ba. Ƙananan tafkunan suka ƙafe da kifinsu a ciki. Muna kallo, mutane na jin yunwa, balbela da shamuwa da ungulu suka yi ta biki a kan laka, wari har cikin gari. Daga nan sunan Sarkin Balbela ya fito. Mata suna yi masa habaici a bakin rijiya, ana cewa ya hana 'ya'yan mutane ya ciyar da tsuntsu. Kuma gaskiya ne, ya yi hakan.

Abin da ya yi bayan nan shi ne ba wanda ke faɗi. Bayan sallar Juma'a ya miƙe a gaban jama'a ya ce, "Na ɓata. Ku yahe mani." Sai ya canza tsari. Ya ce daga yau tafkin da zai ƙafe a kwashe shi tas, kada a bar wa tsuntsu ko ɗan gargaza, amma mai zurfi a bar ta. Suka ce to ga shi nan, jiya wata magana yau wata, tsohon bai san abin da yake yi ba. Su a wurinsu mutumin kirki shi ne wanda ya faɗi magana tun yana saurayi ya mutu a kanta, ko gulbin ya koma hanyar mota.

Alherinsa ma mai kaushi ne. Akwai wani maƙwabcinmu mai 'ya'ya da yawa, Kawu ya kama shi da rana tsaka a bakin Uwar Tafki yana jan gidan sauro cikin ruwa. Gidan sauro fa, wanda ko ƙwan kifi ba ya tsallakewa. Ina tare da shi, na ɗauka za a yi tashin hankali. Kawu ya shiga ruwan ya kama ɗaya bakin, ya taya shi fitarwa. Suka zazzage a kan ciyawa. Ya tsuguna ya tsince 'yan ƙananan yana mayarwa ruwa ɗaya bayan ɗaya, ya bar masa manyan, ya ce ya kai wa yara. Ya naɗe gidan sauron ya miƙa masa ya ce, "Wanga na ɗaki na." Da yamma ya aike ni gidan mutumin da komarsa ta kansa mai idon da ke cin yatsu uku, ya ce a gaya masa ya je gulbi da ita, can ba a ɗaure ba. Bai taɓa faɗa wa kowa ba. Mutumin nan shi ne mai hula a fuska, mai neman kifi a miya.

Kada wani ya ce Kawu hani kawai ya iya. Shekarar da aka yi ruwa mai yawa, gulbi ya shanye gonakin shinkafa har Zauro, zoben laka ya hau ya wuce ƙirjinsa. Ya dawo gida yana dariya, abin da ban saba gani ba. Ya kwance tafkuna duka, har Uwar Tafki ya ce a shiga gefenta. Ya bi gida gida yana cewa ku fito, bana akwai, wanda ya bari ya yi asara. Kun san abin da suka ce? Suka ce ai da ma kifin yana nan, shi ne ya ɓoye musu shi shekara da shekaru. Da kifi ya yi yawa a kasuwa dillalai suka fara yanga, nan ma shi aka zaga, wai ya kashe musu kasuwa. Da shekara ta juyo ruwa ya koma ƙasa ya sake kafa sanda, suka ce ciwonsa ya tashi.

Bana ciwo na gaske ya kwantar da shi tun ruwa bai janye ba. Da ya ji an fara yankan shinkafa ya ce in kai shi giyayya. Inna ta hana, ya yi kamar bai ji ba. Na shimfiɗa masa buhu a jirgi na tuƙa shi. Bai iya miƙewa shi kaɗai ba, sai da na tallafe shi na jingina bayansa da itacen. Ya laluba da hannu a ƙugu, babu. Ya sunkuya, ya sunkuya, har na ji tsoron zai kife. Zoben yana ƙasa da gwiwarsa. Tun da nake ban taɓa ganinsa a nan ba.

Ya ce in kafa sanda. Shi ya ɗaura kabar da hannunsa, ƙullin ma bai yi ƙarfi ba. Ya ce, "Ƙanana a kwashe su. Wagga ba a taɓa ta bana. Baɗi a sake dubawa." Bai sake fita daga gida ba. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa shekarar balbela da abin da ban sani ba, ya sa inda ya je ya fi nan sanyi.

To, ranar sadakar uku. An yi addu'a, an shafa, an raba waina. La'asar ta yi, baƙi na nesa sun fara neman takalma. Sai babban ɗan Kawu ya gyara babbar riga ya yi gyaran murya. Ni da shi taubasai ne, ubansa da uwata ciki ɗaya. Tun muna yara yake ce mini bawansa, ni in ce masa ubangidan da ba ya ciyarwa, ba a fushi, haka wasan yake. Ya bar ruwa tun yana saurayi, yana sayar da bandar kifi a Birnin Kebbi. Ruwan da ya sani yanzu na buta ne.

Ya ce, "Jama'a, kun ga abin kunyar da munka yi. Baba masunci, anka yi kwana uku ana ba baƙi miya lami. Ni ina ganin gobe a shiga Uwar Tafki, a kamo, a yi mai sadaka ta gaske. Abin da yar rage a raba ma gari. Ladar duk tashi ta."

Ka ji fa. Ladar duk tasa ce. Motar da ya zo da ita tana tsaye a bakin hanya da kwanduna a sama, tun ranar farko na gan su. Ba a zuwa makoki da kwandon kifi.

Kawu Ƙarami ya karɓe, "Gaskiya ta. Kuma kabar mamaci ba ta ɗaure ruwa, kowa ya san haka."

Wannan kam haka ne. A wurinmu in mai ɗauri ya mutu, ɗaurinsa ya mutu, sai in magajinsa ya ɗaura sabuwar kaba a kai, ko ya sa wani ya ɗaura. Magaji kuwa ɗa ne. Ɗan mace irina ba shi da gadon ruwa, ko ya shekara nawa yana tuƙi. Mutanen da suka kwana uku suna uban ruwa, uban ruwa, duk suka hau gyaɗa kai. Mai hula har da cewa marigayi ma zai ji daɗi.

Na ce, "In kunka kwashe ta bana, mi za shi hita da ruwan baɗi? Zoben ƙasa ga gwiwa yake. Ni nar riƙe shi yana aunawa."

Taubashina ya kwashe da dariya, ya nuna ni da hannu yana duban abokan kasuwarsa. "Kun ji bawana! Bana hwa, bana hwa! Ashe Baba ya bar muna wani Sarkin Balbela. Kai gajere, ko giyayyar ka kai?"

Aka yi dariya sosai. An gaji da makoki, kowa na neman abin dariya.

"Ubangidana," na ce, "ai bawa sai abin da anka sa shi."

"To na sa ka! Tahi ka ɗaure, ka ɗaure har gulbin in kana iyawa. Na ba ka, bawana, na ba ka kyauta!" Yana faɗi yana tafa hannu da na kusa da shi.

Liman yana gefe yana saka takalmi, shi ma yana murmushi. Na juya na ce, "Malam, ka jiya?"

Ya ce, "Na jiya," yana dariya, ya ɗauki butarsa ya tafi.

Ba wanda ya lura. Suka shiga maganar wa ke da taru, wa zai kawo jirage, a haɗu da hantsi. Ni kuwa abu ɗaya na sani game da limaminmu: yana da tsoro, yana son zaman lafiya, amma bai taɓa cewa bai ji abin da ya ji ba. Magaji ya sa ni, a gaban liman, a gaban gari. Ko da wasa ya faɗa, bakinsa ne. Kuma taubashi ba ya ɗaga hannu a kan taubashi, sai dai ya zama abin faɗi har jikokinsa.

Kafin magariba na shiga ciki in yi wa Inna sai da safe. Ashe ta ji komai ta bayan zana. Ba ta ce mini yi ba, ba ta ce bari ba. Ta shiga ɗaki ta fito da wuƙar Kawu, wadda yake tsaga kifi da ita, ta ajiye a gabana. Ta ce, "Ta dakushe. Tun da yak kwanta ba a wasa ta ba." Ta koma kan carbinta.

Ban san abin da baɗi zai kawo ba. Wataƙila ruwa ya dawo in kwance da hannuna, a zage ni. Wataƙila bai dawo ba in sake ɗaurewa, a zage ni. Na ga yadda aikin yake, shekaru ina kallonsa daga bayan jirgi. Ba abin sha'awa a ciki.

Washegari da na fito daga sallar asuba na wasa wuƙar a dutsen bakin masallaci. Na bi ta bayan gari na yanko kaba ɗanya, na kwance jirgi. Da na isa giyayya na jingina bayana da ita kamar yadda yake yi. Gaskiyar taubashina, ni gajere ne, Kawu ya fi ni nesa ba kusa ba. Na shafa. Ko a jikina zoben bai wuce gwiwa ba.

Ƙullin Kawu yana nan, ya bushe, ya saki. Ban cire shi ba. Na ɗaura nawa a kai, na ja da haƙori. Sannan na gitta jirgin a bakin mashiga na zauna.

Da hantsi na jiyo su, gorunan kamun kifi na karo da juna, ana hayaniya. Taubashina ne a gaba, ya naɗe ƙafar wando, yana taka laka kamar mai taka ƙaya. Ya hango kaba ɗanya a kan sanda, ya tsaya. Na baya suka tsaya.

"Kai bawana! Mi kaka yi nan?"

"Aikin da kas sa ni, ubangidana," na ce. "Malam ya jiya."

Na ɓare goro na sa a baki, na ɗora filafili a kan cinyata.